Garar Amarya A Cikin Marfin Kwalba

A makon nan ba girkin da za a ci na kawo muku ba, na kallo ne.

Babu ɗaya daga cikinmu da ba ta yi tuwon ƙasa ba tana yarinya. A samo gwangwanin tumatir a ɗora bisa duwatsu uku, a kwaɓa ƙasa a ce tuwo ne, a tsinko ganye a ce miya ce, a yi wa 'yar tsana biki har da gara. Da yarinya ta soma tasawa sai a ce ta bar wasan banza ta shiga madafi. Ni ma na bari, sai ga shi aikin koyarwa ya komo da ni gare shi.

Wata rana a aji na tambayi 'yan mata bambancin alkaki da dubulan. Cincin kowa ta san shi, kek kuwa har iri iri su ke lissafa mini, amma alkaki sai 'yan ƙalilan. Da na ce mece ce nakiya, wata ta ɗaga hannu ta ce abin da a ke fasa dutse da shi ne. Ba ta yi ƙarya ba, amma abin ya tsaya mini a rai, domin waɗannan su ne iyayen da za su yi wa 'ya'yansu gara gobe. Ba ni da halin soya gara in kai aji kowace shekara, in ma na kai kafin a tashi an cinye darasin. Sai na tuna an koya mana yin kayan koyarwa da hannu, na zauna na ƙera 'yar ƙaramar gara wadda duk ba ta fi tafin hannu ba. Ga ta nan har yau tana aiki.

Kada ki ɗauka abin na yara ne kaɗai. A 1920 masu haƙar tarihi sun buɗe kabarin wani babban ma'aikacin Fir'auna mai suna Meketre kusa da Luksor a ƙasar Masar, suka tarad da 'yan ƙananan rumbuna da gidan gashin burodi da mahauta, duk an sassaƙa da itace, sun yi wajen shekara 4,000 a ajiye. A Ingila an yi wa Sarauniya Mary wani ɗan gida aka gama a 1924, da madafinsa da tukwanensa, har da famfo mai zubo ruwa, yana fādar Windsor ana zuwa kallo. A Japan kuwa abin ya zama sana'a. Wani mutum, Takizo Iwasaki, ya kafa kamfani a Osaka a 1932 yana yin kwaikwayon abinci da kaki, masu gidajen abinci su saya su jera a taga domin mai wucewa ya ga abin da za a ba shi. Nasu dai daidai girman abincin ya ke, yanzu kuma da roba su ke yi.

Kayan aikin duk a Bata na ke haɗa su, watau nan inda Fagge da Sabon Gari su ka yi iyaka, wurin da ya ci sunan kantin takalman nan na Bata. Garin kwanfulawa da gishiri a kasuwar Singa, farin gam irin na kafintoci da allin makaranta mai launi a kasuwar Sabon Gari, ƙyallayen atamfa kuwa wajen telolin Fagge, in kin yi musu magana da ladabi kyauta za su tara miki. Sauran a gida su ke: tsinken sakace, da allura, da reza, da tsohon burushin haƙori, da marafan kwalabe.

Ga yadda a ke kwaɓin. Ki auna kofi 1 na kwanfulawa, kofi 1 na farin gam, cokali 1 na basilin, cokali 1 na ruwan lemun tsami, shi ne mai hana fumfuna. Ki zuba a tsohuwar tukunyar da ba za ki sake girki da ita ba, ki ɗora a wuta kaɗan kaɗan kina tuƙawa kamar tuwo. Da ya haɗe ya saki gefen tukunya sai ki sauke, kada ki bari ya yi tauri. In ya sha iska ki shafa mai a hannu ki yi ta murzawa har ya yi sumul, ki ƙulle a leda ya kwana. Ba ya bukatar gashi, iska ce ke busar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, sai dai ya kan ɗan tsuke, don haka ki riƙa ƙara wa abu girma kaɗan. Da hunturu kuwa ki gutsuri abin da za ki yi aiki da shi kurum ki rufe saura, in ba haka ba ya bushe miki a yatsa.

Akwai kuma kwaɓin fulawa kofi 2 da gishiri kofi 1 da ruwa, ya fi araha, da shi na fara. Na yi teburin mai waina, tanda da tasar miya da kome, na ajiye bisa kabad ina ta yi wa baƙi kuri. Da watan Agusta ya kama na duba, sai na tarad waina ta koma ƙullu. Gishiri jawo laima ya ke yi. In da shi za ki yi, to ki shanya ya bushe ƙamas, ki shafe shi da man farce marar launi ciki da baya, ki sa a kwalba mai murfi.

Babban abin da ke raba aikin gwana da na 'yar koyo shi ne awo. Masu wannan aiki sun fi bin awon da aka yi gidan Sarauniya Mary da shi: abin da ya ke ƙafa 1 a mai da shi inci 1, watau a raba kome gida 12. Ku 'yan makaranta ga lissafi ya samu. Wainar da faɗinta inci 3 ne za ta koma rubu'in inci, kamar ƙwayar wake ke nan. Tiren da ya ɗan fi ƙafa 1 kuwa marfin kwalbar lemo ya tsaya daidai da shi. In kin yi alkaki da kyau amma ya fi tirensa girma, duk wanda ya gani dariya zai yi.

Alkakin ne ya fi ba ni wuya, shi ne kuma ya fi kyau in ya fito. Ki murza kwaɓin a tafin hannu ya yi sirit kamar zaren tabarma, ki naɗa shi da bakin allura yadda a ke naɗa na gaske. Tun da ɗanyensa ki ɗan daddanna masa burushin haƙori, domin alkama ɓarzajjiya ce, ba ta sumul kamar fulawa. In ya bushe ki kankare alli ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa, ki shafa garin da tsinke mai auduga, gefe ya fi tsakiya duhu, domin gefe ne mai ya fi kamawa. Ɗigon man farce marar launi shi ne zumarsa. Ran da na fara yin wannan sai na ga ashe ban taɓa duban alkaki sosai ba, ci kurum na ke yi, sai da na koma wajen gwaggona na zauna na ga yadda hannunta ke juyawa. Dubulan a murza kwaɓin da kwalba ya yi fale fale, a yanka da reza. Fura da nakiya mulmulawa ce kawai. Ƙwarya ki danna kwaɓin bisa kan babban yatsanki ta ɗauki siffa, nono kuma farin gam ne tsantsa. Kurkur na ba da launin ƙosai, ruwan ganyen shayi na ba da na gurasa. Zoɓo kam na gwada, ja ya ke yi yau, jibi ya dushe.

Ita gwaggon tawa da farko faɗa ta yi mini, ta ce wasa da abinci ne, ga gari na tsada. Tana da gaskiyarta. Shi ya sa ba na taɓa tuwo ko shinkafar ci, tukwane da murhu da tanda kuma da yumɓu na ke gina su, kwaɓi ɗaya kuwa ya kan kai ni wata da watanni. Wasu kuma za su tambayi hukuncin abin. Maganar da malamai su ka yi a kan siffar abu mai rai ce. Ni ba na yin mutum ko dabba, teburin mai shayina ba mai shayi a kai, tukubar tsire ba mahauci, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya ga giɓi.

Sai jan kunne guda, ke uwargida mai goyo. Waɗannan abubuwa sun yi kama da abinci ƙwarai, ga su daidai maƙogwaron yaro. Ɗan maƙwabciyata mai shekara biyu ya taɓa jefa ƙosaina a baki, Allah ya taimaka uwarsa na kusa ta zaro shi. Tun daga ran nan kowane abu na kan manne shi da gam a jikin tirensa, in sa a kwalba in ɗaure murfi, in ɗora can saman kabad.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo muku yadda a ke saƙa ɗan faifai da zaren kaba, domin rufe ƙwaryar furar.