Zazzaɓin Q: Allurar Da Ba A Yi Sai An Tambayi Jiki

Yau za mu leƙa ƙasar Ostareliya, inda ake yin wata allurar rigakafi mai sharaɗi. Likita ba zai tsira maka ita ba sai ya fara gwada ka, ya sallame ka, ka dawo bayan kwana bakwai. Idan kuma an yi maka sau ɗaya, shi ke nan, ba a maimaitawa. Cutar da ake wa wannan taka-tsantsan ita ce zazzaɓin Q.

A shekarar 1935 ne ma'aikatan mayankar birnin Brisbane suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, gumi sharkaf. Aka nemi taifot, babu. Aka nemi sauran cututtukan da aka sani, babu. Sai aka damƙa binciken a hannun wani likita, Edward Derrick. Abin da ya burge ni game da mutumin nan shi ne haƙurinsa. Ya ɗebi jinin marasa lafiya ya zuba wa ɓerayen Masar, suka kamu da zazzaɓi. Ya ɗauka daga wannan ɓera ya sa wa wancan, shi ma ya kamu. Ya kuma lura cewa wanda ya warke ba ya sake kamuwa. To, cuta dai ga ta, amma ya duba ya sake dubawa bai ga ƙwayar da ke haddasa ta ba. Bai yi cika-baki ba. Da ya wallafa bincikensa a 1937, sai ya laƙaba mata harafin Q, alamar cewa akwai tambayar da ba a amsa ba tukuna.

Ya aika samfuri zuwa Melbourne, inda Macfarlane Burnet da Mavis Freeman suka hango ƙwayar. Shi kansa Burnet sai da ya kamu a ɗakin gwaje-gwajen. Ku saurari yadda abin ya haɗu. Can a jihar Montana ta Amurka, Herald Cox da Gordon Davis suna fama da wata ƙwaya da aka samo a jikin kaska, ba su san tana da alaƙa da mahautan Brisbane ba. A 1938 wani babban mai bincike, Rolla Dyer, ya je ya ga aikin Cox da idonsa, domin yana da shakka. Kwanaki kaɗan bayan ziyarar, zazzaɓi ya kayar da shi. Ta dalilin jinyarsa aka bi diddigi, aka gane cewa ƙwayar kaskar Montana da ta mayankar Brisbane abu ɗaya ne. Shi ya sa sunanta ya haɗa mutum biyu, Cox da Burnet: Coxiella burnetii.

A gurguje, ga yadda take yaɗuwa. Shanu, tumaki da awaki ne ke ɗauke da ita, galibi ba tare da alamar ciwo ba, sai dai wani lokaci ɓari. Ta fi yawa a mabiyiya da ruwan haihuwa. Ta bushe a ƙasa, iska ta kwashi ƙurar, mutum ya shaƙa. Ƙwaya 'yar kaɗan ta isa. Bayan mako biyu zuwa uku ciwo ya bayyana, kodayake kusan rabin waɗanda suka kamu ba sa ma sanin sun kamu.

Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe, masu sauraro, don ita ce tushen duk abin da likitoci ke yi. Kusan rabin waɗanda suka kamu ba su san sun taɓa yi ba.

Rigakafin, mai suna Q-Vax, an amince da shi a Ostareliya a 1989, bayan aikin da Farfesa Barrie Marmion ya jagoranta. Yana da ƙarfin kariya ƙwarai. Amma idan aka yi wa wanda jikinsa ya riga ya san ƙwayar, garkuwar jikin kan tashi da fushi: damtse ya kumbura, ya yi tauri, wani lokaci ya zama ƙurji mai daɗewa bai warke ba. Don haka saurayin da ya samu aiki a mayanka, ko mai askin tumaki, ko ɗalibin likitancin dabbobi, sai ya zauna gaban likita. Za a fara da tambayoyi: ka taɓa wannan zazzaɓi? An taɓa yi maka allurar? Ƙwai yana ba ka matsala? Don a cikin ƙwai ake renon ƙwayar da ake haɗa rigakafin. Sannan a ɗebi jini a kai gwaji. A ranar kuma, likita zai tsarma rigakafin sosai, ya ɗauki ɗigo ɗaya, ya sa shi a cikin fatar hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, har wurin ya ɗan tasa.

Bayan kwana bakwai ya dawo. Likita ba da ido kaɗai yake dubawa ba, yatsa yake sawa ya shafa wurin. Jan da fata ta yi a kwanakin farko ba shi ake nema ba, tauri ake nema a ƙarƙashin yatsa. In an ji tauri, ko jini ya nuna alama, ba za a yi allura ba, jiki yana da kariyarsa. Sai in duka biyun sun fito babu komai, sannan a yi ta, guda ɗaya, ga wanda ya kai shekara 15. Ko an yi ma, sai ya jira kwana 15 kafin ya shiga cikin dabbobi.

Ga inda rubutu ya shigo. Mahauci yakan bar wannan mayanka ya koma waccan, shekaru su wuce, ya manta ko gwaji kawai aka yi masa ko allura. In ya ce ba a yi ba alhali an yi, hannunsa ne zai ɗanɗana. Saboda haka a 2001 masana'antar nama ta ƙasar ta buɗe rajista ta musamman, aka riƙa shigar da sakamakon gwaji da ranar allura, aka riƙa ba ma'aikaci kati ya nuna wa mai ɗaukarsa aiki. Daga 2024 an mayar da sababbin bayanai cikin babbar rajistar rigakafi ta ƙasa, har da sunan wanda gwaji ya nuna ya samu kariya ta hanyar kamuwa. A ganina wannan kati darajarsa ba ta gaza ta allurar ba.

Cutar ba ta tsaya a Ostareliya kaɗai ba. A ƙasar Holan, tsakanin 2007 da 2010, sama da mutum 4,000 suka kamu ta dalilin gonakin awakin madara, har aka hallaka dubun-dubatar awaki da tumaki masu ciki. Mu nan ba mu da wannan rigakafi, amma ƙwayar tana cikin dabbobin Afirka, mu kuma da akuya muke kwana gida ɗaya. Idan ta haihu ko ta yi ɓari, kada a taɓa mabiyiya da hannu tsirara, a binne ta da zurfi, mai juna biyu kuma ta nisanci wurin. Makiyayi ko mahauci da zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, ya gaya wa likita sana'arsa. Akwai magani, doxycycline, na mako biyu bisa umarnin likita, kuma mai ciwon zuciya kada ya yi jinkiri, don cutar kan koma ta zauna a zuciya.