TAMBAYAR DA TA GAGARI MASANA LISSAFI FIYE DA SHEKARA 280

A ranar 7 ga watan Yuni, 1742, wani Bajamushe mai suna Christian Goldbach, wanda ke aiki a ƙarƙashin gwamnatin Rasha, ya aika da wasiƙa daga Mosko zuwa ga abokinsa Leonhard Euler, shahararren masanin lissafin nan da ke zaune a Balin. Daga cikin wasiƙar nan ne aka sami wata tambaya wadda ɗan firamare zai fahimce ta, amma har yau ta gagari shehunan malamai.

Tambayar ta shafi wasu lambobi ne da za a iya kira gagara-rabo, wato lambobin da suka haura 1, waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 19. Goro 12 zai rabu daidai tsakanin mutum 2 ko 3 ko 4 ko 6, amma goro 13 ba zai rabu ba sai an fasa wani, ko kuwa mutum 13 su ɗauki ɗai-ɗai. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid na Iskandariyya ya kawo hujjar cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka.

Abin da musayar wasiƙun ya haifar shi ne: kowace lambar cika, wato mai rabuwa biyu daidai, in dai ta wuce 2, ana iya samunta ta hanyar tara gagara-rabo guda biyu. Ga misali, 4 ita ce 2 da 2, 8 kuwa 3 da 5, 10 kuma 3 da 7 ko 5 da 5. Ita 100 har hanya shida gare ta: 3 da 97, 11 da 89, 17 da 83, 29 da 71, 41 da 59, sai 47 da 53. Euler ya amsa a ƙarshen watan, ya ce shi kam ya sakankance haka abin yake, sai dai ba shi da hujja.

Lambobin mara kuwa, wato waɗanda ba su rabuwa biyu, galibinsu guda uku suke bukata. Dalili shi ne, duk gagara-rabo mara ne in ban da 2, kuma mara biyu in aka tara su cika suke bayarwa. Saboda haka 27 ba ta samuwa daga guda biyu, don 2 da 25 ne kaɗai mafita, alhali 25 tana rabuwa da 5. Amma 3 da 5 da 19 sun ba da ita.

Mutane sun sha wahalar gwaji. A 1938 Nils Pipping na ƙasar Finland ya bi lambobin har 100,000 ba tare da kwamfuta ba. A 2012 Tomás Oliveira e Silva na Fotugal da abokan aikinsa suka kai gwajin ga 4,000,000,000,000,000,000 da kwamfuta, ba a sami ko ɗaya da ta saɓa ba.

To, me ya hana a rufe maganar? A wurin masana lissafi yawan misalai ba hujja ba ne, kuma Euler da kansa ya bar abin da ke nuna haka. A ɗauki lamba, a ninka ta da kanta, a ƙara ta a kai, sa'an nan a ƙara 41. Daga 0 har 39 gagara-rabo ake samu, sau arba'in a jere. Da an kai 40 sai 1681 ta fito, wadda ita ce 41 sau 41. Ga kuma wata wahalar: da ninkawa ake gane gagara-rabo, ita kuwa tambayar Goldbach ta tarawa ce.

Duk da haka an matso kusa. A 1937 Ivan Vinogradov na Rasha ya tabbatar da maganar guda uku ga lambobin mara masu girma ƙwarai. A 1973 Chen Jingrun na ƙasar Sin ya buga hujjar cewa kowace babbar lambar cika jimla ce ta gagara-rabo ɗaya da wata lamba wadda ko dai gagara-rabo ce, ko kuwa ninkin gagara-rabo biyu. A 2013 Harald Helfgott, mutumin Peru, ya gabatar da hujjar da ta game duk lambobin mara da suka wuce 5.

Ta lambobin cika ce ta rage. A shekarar 2000 kamfanin ɗab'i na Faber and Faber da ke Ingila ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware ta cikin shekara biyu. Wa'adin ya cika a 2002, ba wanda ya ci. Lamba ɗaya tak da ta saɓa ta isa ta rushe maganar, in kuwa babu ita, sai an kawo hujjar da ta haɗe dukan lambobin cika baki ɗaya.