Ɗan Damfara Ba Ya Son Mu Kwana Da Shawara

'Yan'uwa manoma, da zarar kaka ta yi, kuɗi suka shigo hannu, sai 'yan damfara su ma su fito nasu girbin. Gonarsu kuwa ita ce aljihunmu.

Idan aka cuci wani mukan ce ai wawa ne. Ba haka ba ne. A shekarar 2016 wani shiri mai suna MMM ya game Nijeriya da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. Malaman makaranta sun shiga, ma'aikata da 'yan kasuwa sun shiga. A watan Disamba na shekarar aka kulle kuɗin jama'a, da yawa ba su ƙara ganin ko kwabo ba. Mai shirin, Sergei Mavrodi, ya riga ya yi wa mutanen Rasha haka a 1994, amma wa ya tsaya tambaya?

Mu yi lissafi. Naira 10,000 a kan wannan riba, in an bar ta tana haihuwa, za ta wuce naira 230,000 cikin shekara guda. Wace gona ce ke ba da haka? Wane kiwo? Babu gona, babu kanti. Da kuɗin sababbin shiga ake biyan waɗanda suka riga su.

Biyan nan na farko shi ne tsabar da ake watsa wa kaza. Wanda aka biya yakan dawo gida da murna, shi ne kuma zai kawo mana labari: surukinmu ne, ko wanda muke zama benci ɗaya da shi ran Lahadi. Ba ƙarya yake yi ba, da gaske an biya shi. A nan wahalar take. Baƙo muna iya ce masa a'a, amma na gida sai kunya ta rufe mana baki, mu miƙa kuɗin.

Sai kuma gaggawa. Wani ya zo da takardu, ya ce a biya kuɗin rajista na takin zamani mai rahusa, yau za a rufe. Wani ya bugo waya, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka karanto masa lambar sirri ba. Banki ba ya tambayar wannan lamba. Dukansu so suke zuciya ta tashi kafin hankali ya iso. Shi ya sa sukan ƙara da cewa kada ka gaya wa kowa.

Mu da muke da ƙungiyar gama kai muna da abin da ba sa so, wato taro. Bari mu sa doka: kuɗin ƙungiya ba sa fita a ranar da aka kawo magana. A jira mako guda, a karanta takardar a gaban kowa, ma'aji da mutum biyu su je ofishin gona su tambaya da kansu. Mai gaskiya zai jira.

Wanda kuma aka riga aka cuta, kada mu yi masa dariya. Dariyarmu ce ke sa shi yin shiru, ɗan damfara ya wuce ƙauye na gaba da takardunsa. A ba shi wuri a taro na gaba ya faɗi yadda aka yi, magatakarda ya rubuta, a aika wa ƙungiyoyin da ke maƙwabtaka da mu.