Keta da Rigimar Yashi: Iyakar Ƙarfin Ƙaramar Hukuma a Bakin Teku

Duk bayan shekara huɗu, dokar ƙasar Gana ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma nauyin rubuta tsarin ayyukan da za ta yi wa jama'arta: inda za a gina makaranta, kasuwar da za a yi wa rumfuna, unguwar da za a ja wa famfo. Ƙananan hukumomi 261 ne a ƙasar, kuma a kusan dukkansu mai rubuta tsarin yana da tabbacin abu ɗaya, wato filin da ya nuna a takarda zai same shi inda ya bar shi. Jami'in tsare-tsare na Keta ba shi da wannan tabbacin. Yana iya ware fili bana, kafin kuɗin gini su fito teku ya cinye shi.

Keta gari ne na Anlo, wani reshe na ƙabilar Ewe, a yankin Volta, gabas da Akra, kusa da iyakar Togo. A kan wani siririn zirin yashi yake zaune, kudu Tekun Atlantika, arewa tafkin Keta, wanda ya fi duk tafkunan bakin teku na Gana girma. Akwai wuraren da in ka tsaya a kan titi za ka ga ruwa dama, ka ga ruwa hagu. Shawarar da ake bai wa mutanen gaɓa a wasu wurare, cewa su matsa baya, a nan ba ta da sauƙi, don bayan ma ruwa ne.

Da can gari ne na ciniki sosai. Turawan Denmak sun gina sansanin Prinzenstein a 1784, inda aka riƙa tsare bayi kafin a ƙetarar da su, suka sayar wa Turawan Ingila a 1850. Da Ingila ta kafu da gaske a garin a 1874, 'yan sandan Hausawa ta girke a can, daga baya fatake Hausawa suka biyo sawu suka yi zango. Arzikin garin ya fara dushewa bayan buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962. Shi kuwa sansanin, a 1979 aka sa shi cikin kayan tarihin duniya, a 1980 teku ya rushe babban ɓangarensa. Abin da ya saura yana nan tsaye, ɗakuna masu duhu da katangar da ta ƙare a gutsure ta gefen ruwa. Titunan tsohon gari da kantunansa suna ƙarƙashin inda masunta ke wucewa da kwale-kwale a yau.

Wanda bai saba da bakin teku ba yakan ɗauka yashin gaɓa a zaune yake. Tafiya yake yi. A wannan gaɓar igiyar ruwa a karkace take zuwa daga kudu maso yamma, ta ɗebi yashi ta gusar da shi gabas kaɗan, wata ta zo ta ƙara gusarwa, ba dare ba rana. Muddin abin da ke shigowa daga yamma ya kai abin da ke fita gabas, gaɓa tana nan daram. Babban mai kawo wa Keta yashi shi ne Kogin Volta, wanda ke kwaso shi tun daga Burkina Faso da arewacin Gana ya zube a teku kusa da Ada. A 1965 aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo. Ƙasa ta samu lantarki, amma mafi yawan yashi da laka suka riƙa kwanciya a bayan madatsar. Shigowa ta ragu, fita kuwa ba ta fasa ba. Ba madatsar ce ta fara cin garin ba, domin tun farkon ƙarni na 20 ake kuka, har wani injiniya da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko a 1929 ya ce a tashi garin ya fi a kare shi arha. Amma bayan Akosombo abin ya tsananta, wasu wuraren gaɓa na ja da baya mita da yawa a shekara guda. Ga kuma hauhawar ruwan teku saboda ɗumamar yanayi ta zo ta yi ƙari.

Mutanen Keta ba su tashi ba. Suka yi ta matsa wa gwamnati bayan gwamnati lamba, sai a ƙarshen mulkin Shugaba Rawlings aka fara babban aikin kare gaɓar, aka gama a 2004 zamanin Shugaba Kufuor. Ya ci sama da dala miliyan 80 na bashi daga Amurka, kuma kamfanin can, Great Lakes Dredge and Dock, ne ya yi kwangilar. An jera manyan duwatsu a gaban sansanin. An miƙa shingayen dutse daga gaɓa zuwa cikin ruwa don su tare yashin da ke wucewa. An yaso yashi daga tafki an yi wa gaɓa ciko, an tada titi na kimanin kilomita 8 a inda ruwa ya yanke hanya, an gina ƙofar sakin ruwa in tafki ya cika, an kuma cike wani sashe na tafkin don a samu inda za a zaunar da waɗanda suka rasa gidaje. A ba kowa haƙƙinsa, aikin ya yi. Inda aka kare ya tsira, yashi ya taru a tsakanin shingayen, gari ya samu barci.

Sai dai yashin da ya tsaya a Keta, da ma kan hanyarsa yake ta zuwa wajen wasu. Duk wanda ya zauna a unguwar da ruwa ke kwanciya da damina ya san abin da ke faruwa in maƙwabci ya yi ciko a ƙofar gidansa: shi ya huta, ruwan ya dawo zaurenka. Garuruwan da ke gabas da shingen ƙarshe suka fara ganin teku a ƙofar gida. Aka zo aka yi wa ɗaya daga cikinsu, Blekusu, nata shingayen, cin ya matsa gaba zuwa Agavedzi da Salakope da Amutinu. A Nuwamban 2021 ruwa ya hauro da asuba ya raba dubban mutane da muhallinsu a wannan gaɓar. A farkon 2025 ya sake, ya rushe gidaje, ya tone maƙabarta, ya kusa cin titin da ya haɗa Keta da Denu.

Nan ne maganar tsari take yin wuya. Daga bakin Kogin Volta zuwa iyakar Togo gaɓa ɗaya ce, yashi ɗaya ke bin ta, amma ƙananan hukumomi uku ke riƙe da ita: Anloga, wadda aka yanka daga Keta aka ƙaddamar a 2019, sai Keta, sai Ketu ta Kudu. Kowace da nata kundin tsari, da nata kasafi, da nata shugaba. Abin da Keta za ta rubuta a shafin nasarori, shi Ketu ta Kudu za ta rubuta a shafin matsaloli. A ganina duk tsarin da ɗaya daga cikinsu ta yi ba tare da sauran biyun a zaune ba, rabin tsari ne.

Kuma ko sun zauna tare, shingen dutse ya fi ƙarfin aljihunsu. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a zuba a asusun da ake raba wa ƙananan hukumomi, amma kuɗin sukan makara watanni.  Abin da hukuma ke tarawa da kanta, daga harajin gidaje da tikitin kasuwa da kuɗin izinin gini, bai taka kara ya karya ba a garin masunta. Shugaban ƙaramar hukuma kuma ba jama'a ke zaɓarsa ba. Shugaban ƙasa ke naɗa shi, majalisa ta amince da kashi biyu cikin uku, majalisar da ita ma kusan kashi 30 cikin 100 na 'ya'yanta naɗaɗɗu ne. Saboda haka idonsa yakan fi karkata Akra. Aikin kare gaɓa na ma'aikatar ayyuka da gidaje ne, ƙaramar hukuma sai dai ta rubuta wasiƙa, ta raka minista ya ga ɓarna, ta raba shinkafa da katifu.

To me ya rage mata? Abubuwa da yawa, kuma su ne ba a yi wa bikin yanke ƙyalle.

Na farko ɗibar yashi. Gari yana kukan teku ya kwashe masa yashi, ga tifa tana shiga gaɓa da dare, samari da shebur suna loda ta cikin ɗan lokaci, ta fita a buga bulo. Kowace tifa rami ce da igiya za ta cike da yashin gaban gidan wani. Doka ta hana, hukumomin yankin sun sha sanar da haramci, amma ba a fasa ba. Dalili a bayyane yake. Yashin gaɓa shi ne mafi kusa kuma mafi arha, wanda teku ya rushe wa gida ma da shi yake son sake gini, saurayin da kifi ya yi wa ƙaranci kuma da lodi yake ci. Hana ɗibar da baki kawai ba ya aiki. Sai hukuma ta nuna wani wurin da za a ɗiba nesa da gaɓa, ta gyara hanyar zuwa can, sannan kamen tifa ya yi ma'ana. Wannan ba ya buƙatar dala ko ɗaya, ƙarfin halin ɓata wa masu tifa rai yake buƙata, su kuwa galibi ba baƙi ba ne a ofis.

Sai izinin gini. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon cewa nan za a gina, nan ba za a gina ba. A garin gaɓa wannan yana nufin a ja layi, a ce daga nan zuwa ruwa ba bulo ba siminti. Amma tun da gaɓar Keta ta yi kyau, masu kuɗi suka fara sha'awar gina masaukan baƙi a bakin ruwa, kuma kuɗin izininsu da harajinsu suna cikin ɗan abin da hukuma ke samu. Mai hana gini shi ne mai cin kuɗin gini. Yawon buɗe ido ba laifi ba ne, yankin ma yana da abin nunawa: sansanin, hasumiyar fitilar jirage ta Woe, tsuntsayen tafkin da aka sa cikin dausayin duniya masu muhimmanci a 1992, da bikin Hogbetsotso da ake yi a Anloga duk Nuwamba. Abin tambaya shi ne wa za a matsar don a samu wurin.

Domin gaɓar da baƙo ke gani fili ne kawai, wurin aiki ce. Da sassafe kwale-kwale zai shiga da taru ya zagayo, ya bar bakin igiya biyu a tudu. Maza su jeru layi biyu, kowa ya kafe diddige a yashi, su riƙa ja suna waƙa, na gaba in ya kai ƙarshe ya koma baya ya sake kamawa. Sa'o'i ake yi, kuma ruwa yana jan tarun gabas, saboda haka masu ja ma suna gusawa tare da shi. Mata na zaune da manyan kwanoni suna jira, daga nan sai wurin banda. Irin wannan su yana son dogon yashi wanda ba katanga ba dutse. Shinge ɗaya na masauki, ko shingen dutsen da aka dasa ba a tambayi sarkin masunta ba, ya isa ya kashe wa mutum hamsin wurin cin abinci. Doka ta ce kafin a amince da tsari sai an yi taron jin ra'ayin jama'a. In aka sa taron da hantsi a zauren majalisa, da Turanci, masu taru suna kan igiya, mata suna gaban wuta, waɗanda za su halarta su ne waɗanda da ma suna da bakin magana.

Bandar kifin ma tana da nata lissafin. Da itacen mangurof ake yawan yin ta, wato itatuwan nan masu saiwa a waje da ke fitowa a ruwan gishiri, har akwai babbar kasuwarsu a Anyanui. Su ne kuma ke riƙe ƙasar bakin tafki, a cikinsu ƙananan kifaye ke girma. Bahaya da bola ba sa buƙatar dogon sharhi: garin da ruwan rijiya ke kusa da saman ƙasa, masai na rami yana gurɓata abin sha, in kuma babu masai gaɓa ce ke zama masai, kuma ba baƙon da zai dawo.

Mafi nauyi duka shi ne filin ƙaura. Ƙauyen Fuveme, kusa da bakin kogi, kusan duk ya tafi, har makarantarsa, mutanensa suka matsa gefe suka kafa bukkoki. Irin wannan tashin na dole, cikin dare da kaya a ka, shi ne abin da tsari ya kamata ya riga. Amma ƙasa a yankin Anlo a hannun dangi da zuri'a take, hukuma ba ta da filin da za ta yi kyauta da shi. Sai an zauna da masu ƙasa da sarakuna, an biya, an auna fuloti, an kai ruwa da makaranta, tun gidajen da za a bari suna tsaye. Ba ɗan siyasar da ke son ya fara furta wannan, don masunci zai ce in ka kai shi nesa da teku me zai ci, kuma gaskiyarsa. Gidajen da aka yi alkawari a filin cikon Keta ma an daɗe ana jan ƙafa a kansu, abin da ya sa mutane ba sa saurin yarda.

A ƙarshen 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 don gaɓar Gana ƙarƙashin shirinsa na gaɓar Afirka ta Yamma, yankin tafkin Keta na cikin wuraren da aka ambata. A 2025 Shugaba Mahama ya ƙaddamar da kashi na biyu na aikin Blekusu, wanda zai rufe Agavedzi da maƙwabtanta. Za su samu sauƙi, kuma sun cancanta. Shingen ƙarshe na wannan aikin ma zai kasance yana da gabas. A can akwai Denu da Aflao, gari mai cunkoso a bakin iyaka, daga shi sai Lome ta ƙasar Togo, inda babu wata ƙaramar hukumar Gana da ke da ta cewa.