Birki da totur a jikin ƙwayoyin garkuwa

A watan Agustan 2015 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ya yi suna wajen yaƙi da kurkunu, ya sanar cewa sankarar fata ta kama hantarsa har ta haura ƙwaƙwalwa. Shekararsa 90 a lokacin. Bayan tiyata, likitoci suka yi masa gashi suka kuma ɗora shi kan maganin pembrolizumab. Kafin shekarar ta fita, hoton ƙwaƙwalwarsa ya fito tas. Sai da ya cika shekara 100 a duniya.

Maganin nan kuwa ko taɓa sankarar ba ya yi. Aikinsa na kan wasu furotin da ke jikin ƙwayoyin T, dakarun fararen ƙwayoyin jini.

Ƙwayar T ba ta far wa abu don kawai ta gan shi. Sai wata ƙwaya ta miƙo mata guntun baƙon abu ta shaida shi, sannan furotin ɗinta mai suna CD28 ya kama B7 da ke jikin mai miƙowar. In aka samu na farko babu na biyu, sai ta yi laƙwas. CD28 shi ne totur. Da faɗa ya kankama, sai CTLA-4 ya ɓullo ya ƙwace B7, don ya fi ƙarfin riƙo, wuta ta lafa: shi ne birki na farko. Akwai birki na biyu, PD-1, wanda Tasuku Honjo ya gano a Kyoto a 1992. Nan sankara ke yin wayonta: takan baza PD-L1 a jikinta ta taka birkin da kanta. Maganin Carter wannan birkin ya toshe. A 1996 James Allison ya nuna cewa toshe CTLA-4 na narkar da ƙari a jikin ɓeraye, kuma shi da Honjo suka raba kyautar Nobel ta 2018.

Taɓa totur kam sai da hattara. A watan Maris na 2006 aka gwada maganin TGN1412, mai zuga CD28, kan mutum shida masu lafiya a Landan. Cikin sa'o'i gaɓoɓin jikinsu suka fara gazawa. Duk sun tsira, amma ɗaya ya rasa yatsu.

Cire birkin ma ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma garkuwar kan juya ta kumbura hanji ko huhun mai shan maganin.