Kwamfutar Gem a Kafanchan: Jita-jita da Gaskiyar Lamari

Kwamfutar girke da za ta ɗauki wasan gem ba a gane ta daga kyan akwati ko fitilu masu launi da ke walƙiya a cikinta. Ƙarfinta yana ga kaya biyar: firosesa, katin hoto, ram, ma'ajiyar bayanai da fawa-fak. Mai saye daga Kafanchan, Kagoro, Zonkwa ko Kwoi galibi sai ya je Jos ko Kaduna, ko Banex Plaza da ke Abuja, ko kuma a turo masa daga Computer Village na Ikeja a motar haya. Mafi yawan abin da ake samu na hannu ne, wanda ake kira tokumbo. Mayar da kaya zuwa irin wannan nisa ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa maganganun da ke yawo tsakanin ɗalibai, masu gyara da masu gidajen gem suke buƙatar tankaɗe da rairaya kafin a ƙirga kuɗi.

Maganar da ta fi kowace yaɗuwa ita ce, in dai kwamfuta i7 ce to magana ta ƙare. Wannan ba gaskiya ba ne. Sunan i3, i5 ko i7 matsayi ne a cikin gida ɗaya, bai faɗi shekarar haihuwa ba. Shekarun suna cikin lambar da ke bin sunan. Core i7-2600 na zubi na biyu ne, ya fito a 2011. I7-3770 na zubi na uku, 2012. Core i3-12100 kuwa na zubi na goma sha biyu ne, ya fito a 2022, kuma ya fi waɗancan biyun gudu nesa ba kusa ba, duk da cewa sunansa i3. Akwai wata matsalar kuma: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman firosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Duk dillalin da ya ce “i7 ce” ya yi shiru, to bai faɗi komai ba tukuna.

Ko firosesar ta zamani ce, ba ita ke ɗaukar mafi nauyin aikin gem ba. Katin hoto ne ke zana filin ƙwallo, ciyawa, inuwar 'yan wasa da taron 'yan kallo sau sittin ko fiye a kowace daƙiƙa. A nan ma akwai wata jita-jitar, cewa yawan giga shi ne ƙarfin kati. Girman rumbu ba ya nuna ƙarfin manomi. Akwai GT 730 mai giga 4 da aka cika kasuwa da shi, akwai kuma GTX 1050 Ti na 2016, shi ma giga 4. Na farko ba ya iya sababbin wasanni ko da an rage ingancin hoto zuwa ƙasa. Na biyu shi ne mafi ƙarancin katin da kamfanin EA ya gindaya wa EA Sports FC 24, wasan da ya gaji FIFA a 2023, tare da ram giga 8 da fili giga 100. A katunan Nvidia, irin waɗannan biyun, lambobi biyu na ƙarshe ke nuna daraja: 30 na aikin ofis ne, 50 shi ne ƙofar shiga gem, 60 kuma matsakaici ne da ke wadatar da mafi yawan 'yan wasa.

Batun katunan jabu kuwa gaskiya ne, ba sharri ba. Ana ɗaukar tsohon kati, irin GTS 450 na 2010, a sauya manhajar da ke cikinsa ta yadda Windows zai nuna sunan wani sabo, a saka masa sabuwar fanka da kwali mai sheƙi. Sai an kunna wasa asiri ke tonuwa. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tun 2018 take yi wa irin waɗannan katunan tambarin jabu, kuma duba ta ba ya cin minti biyu. Haka nan katin da aka rubuta wa RX 580 2048SP ba cikakken RX 580 ba ne, ƙarfinsa kusan na RX 570 ne.

Ana kuma cewa duk katin hannu an gama tatse shi wajen haƙar kuɗin kirifto, don haka mushe ne. Rabin wannan gaskiya ne. Da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙa a watan Satumba 2022, katuna masu ɗimbin yawa da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya, musamman RX 570 da RX 580. Abin da ya fi gajiya a jikinsu shi ne fanka da man sanyaya da ya bushe, dukansu kuma ana sauya su. Hanyar tantancewa ita ce a kunna wasa mai nauyi a gaban mai sayarwa na rabin awa. In hoto ya fara fitar da ɗige-ɗige ko layuka masu launi, ko allo ya ɗauke, a bar masa kayansa.

Shawarar da ake yawan ba mai ƙaramin ƙarfi, wato ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ya saka mata kati, shawara ce mai kyau amma da sharaɗi. Sirirai daga cikinsu ba sa karɓar kati mai cikakken tsayi, fawa-fak ɗinsu kuma ƙarami ne, sau da yawa bai wuce wat 255 ba, ga shi ba shi da wayar da babban kati ke buƙata. Abin da ya dace da su shi ne katin da ramin babban allo, wato madabod, kaɗai ke ciyar da shi, wanda bai wuce wat 75 ba, kamar GTX 1050 Ti ko GTX 1650 gajere. Wani kuskure da ke sa a zargi kati banza shi ne jona wayar monita a ramin sama na babban allo maimakon ramin katin da ke ƙasa. A haka katin yana zaune ne kawai yana shan wuta.

Game da ram, giga 16 ya wadatar da kusan duk wasannin da ake yi, ƙari a kan haka ba ya ƙara gudu sai a 'yan wasanni ƙalilan. Sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, musamman ga firosesa irin Ryzen 5 5600G da ke da nata ɓangaren hoto a ciki. Ma'ajiyar bayanai ta SSD kuwa lokacin buɗe wasa take ragewa, ba ta ƙara santsin hoto.

Wutar lantarki ce ta fi komai muhimmanci a wannan yanki, ita ce kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane da yawa na gudun fawa-fak mai wat 650 don tsoron zai cinye man janareta ko ya kwashe batirin sola. Lambar nan iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba abin da yake ja kullum ba. Kwamfuta mai matsakaiciyar firosesa da RTX 3060 tana jan abin da bai wuce wat 300 ba a tsakiyar wasa, in tana aikin rubutu kuma ko sulusin haka ba ta ja. Wanda ke kan sola ya dubi katin ne: RX 580 na 2017 yana cin wat 185, RTX 4060 na 2023 kuma wat 115, ga shi ya ninka shi ƙarfi. Inda hatsari yake shi ne fawa-fak marar suna mai arha, wanda aka rubuta wa babbar lamba amma in an ɗaga shi ba nauyi. Irinsa in ya ƙone yakan tafi da babban allo da kati gaba ɗaya.

Cewa sitabilaiza kaɗai ta isa kariya, wannan ma kuskure ne. Aikinta daidaita wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, ba ta riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ba ta kuma tare tsawa. Riƙewa aikin UPS ne, shi ma a lura da lambarsa: mai 650VA yakan ɗauki wajen wat 360 zuwa 390 ne kacal, na 'yan mintuna, daidai a adana wasa a kashe. Ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai wutarsa hawa da sauka take yi, bai kamata a jona masa kwamfuta kai tsaye ba. Inbata mai arha da ba ta fitar da tsaftatacciyar wuta takan sa fawa-fak na zamani ƙugi ko ɗaukewa. Da damina kuwa, a ƙasa mai yawan ruwa da tsawa irin ta gindin duwatsun Kagoro, babu kariyar da ta kai zare filogi daga bango da zarar hadari ya haɗu. Wasu tsofaffin kwamfutocin da aka kawo daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a bayan fawa-fak mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya bolt 230 ce. In aka jona alhali yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi.

Iyaye da dama na cewa gem yana ƙona kwamfuta. Wasa yana sa ta zafi, haka ne, amma firosesa da kati suna rage gudu da kansu in zafi ya yi yawa, in ya ƙi sauka su kashe kansu. Abin da ke kai su ga haka ƙura ce. Bayan hunturu guda, wanda ya buɗe murfin gefe zai tarar da ƙura ta yi kamar bargo a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya. Hurawa da bulowa a waje, tare da riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa, da ɗora akwatin a kan tebur maimakon ƙasa, suna magance yawancin wannan. Abin da ke lalata kwamfuta da gaske ta hanyar gem shi ne wasannin sata da ake kwafa daga filashi zuwa filashi, domin sau da yawa suna tafe da bairos.

Saura batun tsaikon wasan intanet, inda ɗan wasa zai buga ƙwallo sai bayan ɗan lokaci ta motsa. Kati mai tsada ba ya maganin wannan. Sabobin yawancin wasanni suna Turai ko Afirka ta Kudu, dole saƙo ya bi ta Legas ya ratsa wayar ƙarƙashin teku ya dawo, ga kuma raunin sabis ɗin waya a wasu unguwanni. Jona kwamfuta da rawuta ta waya maimakon iska yana rage tsaikon kaɗan. Wasan kansa ba ya cin data sosai. Sauke shi da sabunta shi ne ke cinye giga gommai a zama ɗaya.