Sammaci a Kan Bashin Kati: Yadda Ake Amsa Ƙara a Kotunan Amurka

Gabatarwa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙasar Amurka wannan magana ta zauna daram, domin tun daga 1958, lokacin da Bank of America ya fito da katin da ya koma Visa a 1976, cin bashi da kati ya zama ruwan dare. Banki ne yake biya wa mai kati abin da ya saya, shi kuma ya biya bankin daga baya, da kuɗin ruwa idan ya yi jinkiri. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana abin da ya kamaci mutumin da aka kai ƙara a kan irin wannan bashi, alhali kuwa yana musun bashin ko yawansa.

Mafarin rigimar

Doka ta buɗe ƙofar musu tun kafin a je kotu. Dokar tarayya ta 1974 ta ba mai kati kwana 60, daga ranar da aka aiko masa da takardar lissafi, ya rubuta wa banki cewa akwai kuskure. Wata ta 1977 kuma ta ba shi kwana 30 ya ƙalubalanci kamfanin karɓar bashi a rubuce, kuma tilas kamfanin ya dakata har sai ya kawo tabbaci.

Sau da yawa ba bankin ne yake kai ƙara ba. Idan bashi ya daɗe, banki kan sayar da shi ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Midland Funding da Portfolio Recovery Associates. Binciken da Hukumar Ciniki ta Tarayya ta fitar a 2013 ya nuna cewa abin da irin waɗannan kamfanoni suke biya bai wuce kashi 4 cikin 100 na darajar bashin ba, idan aka kwatanta gaba ɗaya. Abin da suke karɓa kuwa galibi jerin sunaye ne da adadi, ba tare da cikakkun takardu ba. Daga nan ne kurakurai suke shigowa: a bi wanda ya riga ya biya, ko mai suna iri ɗaya, ko a ƙara adadin.

Haɗarin yin shiru

Babban abin da yake kayar da mutane shi ne ƙin amsa sammaci. Rahoton cibiyar Pew na 2020 ya nuna cewa, a kotunan da aka bincika, fiye da kashi 70 cikin 100 na shari'un bashi a bayan idon wanda ake ƙara ake yanke su, kuma ƙasa da kashi 10 ne suke da lauya. Idan mutum bai amsa ba, alƙali kan ba mai ƙara abin da ya nema ba tare da an auna hujjarsa sosai ba. Da wannan hukunci ana iya tsare kuɗin mutum a banki, ko a riƙa yankar albashinsa. Dokar tarayya ta yarda a yanka har kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage bayan haraji, ko da yake jihohi kamar Teksas da Fensilbaniya sun hana taɓa albashi saboda irin wannan bashi.

Yadda ake amsawa

Abu na farko shi ne lura da wa'adi, domin kowace jiha da nata. A Kalifoniya kwana 30 ne. A Niyok kwana 20 ne idan an miƙa wa mutum sammacin hannu da hannu, 30 idan ta wata hanya ce. A ƙananan kotunan Teksas kuwa 14 ne kacal.

Na biyu, amsar a rubuce take. Wanda ake ƙara zai bi da'awar saƙa-saƙa, ya ce ya yarda da kaza, ya musa kaza, kaza kuma ba shi da masaniya. Duk abin da bai musa ba ana iya ɗauka ya amsa shi. Sai ya kai takardar wurin magatakardan kotu, ya aika wa lauyan mai ƙara kwafe, ya adana shaidar aikawa. Buga wa kamfanin waya ba ya zama amsa a idon kotu.

Na uku, ya kawo kariyarsa tun a cikin amsar. Mafi ƙarfinta ita ce shuɗewar wa'adin kai ƙara: shekara 4 a Kalifoniya da Teksas, shekara 3 a Niyok tun daga 2022. Alƙali ba ya tayar da wannan batu da kansa, sai wanda ake ƙara ya ambata. Amma fa a wasu jihohi biyan ko da kaɗan ne daga tsohon bashi yana sabunta wa'adin, saboda haka sai an yi hattara da tayin "a kawo abin da ya sawwaƙa".

Na huɗu, ya tuna cewa nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara. Yana da ikon neman a nuna yarjejeniyar katin, da takardun lissafin da adadin ya fito daga cikinsu, da takardun cinikin da suka nuna yadda bashin ya taso daga banki har ya iso hannun mai ƙara. Idan aka rasa ɗaya a cikin wannan silsila, da'awar ta yi rauni. A kan irin wannan sakaci ne Hukumar Kare Masu Hulɗar Kuɗi ta ci tarar Encore Capital, uwar kamfanin Midland, da Portfolio Recovery a 2015.

Wanda aka riga aka yanke wa hukunci a bayan ido yana iya roƙon kotu ta soke shi, musamman idan sammacin bai iso gare shi bisa ƙa'ida ba. Wanda kuma ya tabbata ana binsa, yana iya yin sulhu, muddin dai an rubuta shi kuma an shigar a kotu. Ga marasa hali akwai ofisoshin lauyoyi masu taimako kyauta, kuma ana iya neman kotu ta yafe kuɗin shigar da amsa.

Kammalawa

A taƙaice, sammaci da'awa ce kawai, ba hukunci ba. Ɗalibi ko ma'aikacin da karatu ko aiki ya kai shi Amurka, ya karɓi kati, yana ƙarƙashin waɗannan dokoki kamar ɗan ƙasa. Abin da zai fisshe shi shi ne ya adana takardunsa, ya ƙirga kwanakinsa, ya amsa a rubuce kafin wa'adi ya cika.